Jitar 1963 da ba ta da fikof: wa ya ba ta sunan "ta asali"?

Mai Shagon Jita: Assalamu alaikum jama'a. Abin nan ya ishe ni. Dillalai sun samu sabuwar sana'a. A ɗauko gangar jikin Stratocaster, jitar lantarki ta kamfanin Fender, da wuyanta, babu fikof ko ɗaya (maganaɗisun nan mai naɗin waya da ke ɗaukar sautin tsirkiya), babu farantin gaba, an sake mata fenti, an ma fafe ramin fikof na ƙasa don a cusa mai koyil biyu, sai a rubuta "ta asali, 1963" a kafa mata kuɗin gida. Ni na ce irin wannan bai kamata kuɗinta ya wuce na sabuwar Fender ƙirar Meziko ba. Sautin jitar lantarki a fikof yake. In ya tafi, itace ya rage. Mai ja ya fito.

Oga Kafinta: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka taɓo kalmar "asali", to mu tsaya a kanta. Asalin Fender a wuya yake. Kwance sukuru huɗun nan na baya, ka duba gindin wuyan. Daga 1962 hatimi suke bugawa, misali 2 MAR 63 B. Biyun na nufin Stratocaster, sai wata da shekara, B kuma faɗin wuya ne na yau da kullum, inci 1 da 5/8. In hatimin nan na gaskiya ne, dillalin bai yi ƙarya ba.

Oga Rewaya: Hatimi? Yaro ma sai ya sassaƙa shi a kan roba. Ni lambar bolum, wato maɓallin ƙara sauti, nake yarda da ita. A bayan kowane bolum akwai lamba bakwai: ukun farko na kamfanin da ya ƙera shi ne, 304 kamfanin Stackpole, 137 kamfanin CTS, biyu na gaba shekara, biyun ƙarshe mako. 3046312 ke nan mako na 12 na 1963. Sannan ka dubi dalmar da ke kai, ko an taɓa narka ta. Wannan shi ne asali.

Oga Kafinta: Jitar da ake magana ba ta da farantin gaba, a ina bolum ɗin zai zauna? Kuma lambar bolum ba ta faɗar ranar da aka haɗa jita, iyakarta ta ce ba a haɗa kafin ranar ba. A 1966 kamfanin ya jibge bolum masu yawa, ya yi shekaru yana ɗiba.

Mai Fenti: Ku biyun kun bar jaki kuna dukan taiki. Da zarar samfefa ta hau jikin jita, asali ya tafi. Tsohuwar ƙa'idar masu wannan ciniki ita ce sake fenti yana cin kusan rabin kuɗi, ko da gwani ne ya fesa. Amma ana iya gane ko itacen na zamanin ne. Har zuwa wajen ƙarshen 1964 ƙusoshi suke kafawa a fuskar jikin don ya tsaya a kansu fenti ya bushe, ramukan suna ɓoye ƙarƙashin faranti. A fentin farko cikin ramin fes yake, a na biyu za ka tarar fenti ya cike shi. A gurbin wuya kuma, daga ƙarshen 1962, akwai gefen da ba fenti, sawun sandar da ake riƙe jikin da ita wajen feshi. Gwajin fenti: ɗigon asiton a auduga, a taɓa wurin da ba ya nunawa. Naitiro, fentin da Fender ke amfani da shi a lokacin, zai yi laushi nan take, foliyesta da suka koma wa wajen 1968 ko gezau.

Mai Shagon Jita: Ni fa maganar kuɗi na kawo.

Ɗan Gibson: Duk wannan wahala ta masu Fender ce. Jitar da ake kwance wa wuya da sukurudireba ai ba ta da asali tun fil azal. Kowa na iya aurar da wuyan wannan ga jikin waccan, ya ɗora farantin ƙarfe mai lambar siriyal da ta fara da L, irin ta lokacin, ya ce 1963. Lambar siriyal a kan ƙarfen da ake cirewa! Jitar kamfanin Gibson kuwa da gam aka haɗa wuya da jiki, lamba kuma a ƙeyar kai take. Ko an kwashe PAF, tsohon fikof ɗin Gibson, da komai, abin da ya rage jita ɗaya ce.

Oga Kafinta: Malam, kada ka kai mu nan. Gibson ɗin da a shekarun 1960 take maimaita lamba ɗaya a kan jita daban-daban? Ga kai mai saurin karyewa: itacen mahogani, an karkata kan digiri 17, an kuma fafe ramin sandar ƙarfen da ke cikin wuya daidai inda itacen ya fi siranta. Ta zame daga jingina sau ɗaya, shi ke nan.

Ɗan Gibson: Karayar kai gyara ce. Gam ɗin fata mai zafi, a buɗe tsagar a hankali ya shiga har ciki, a matse awa 24, a bar ta kwanaki kafin a ɗaura tsirkiya.

Oga Kafinta: Gam ɗin fata yana daskarewa cikin kamar minti ɗaya in ba ka ɗumama itacen ba. Wanda bai saba ba, kafin ya gama ɗaura matsi ya riga ya kama, haɗin ya zama na banza. Gam ɗin kanti Titebond na farko, mai jan tambari, ya fi masa sauƙi.

Ɗan Gibson: Titebond yana jan jiki in zafi ya yi yawa, ga tsirkiya na ja dare da rana. Bar jitar a but ɗin mota a watan Afrilu ka gani.

Oga Kafinta: Wanda ya bar tsohuwar jita a but a watan Afrilu, ba gam ne matsalarsa ba.

Hajiya Mai Kayan Gwanjo: Yayyena, in asali na nufin yadda ta fito daga masana'anta, me za ku ce da Blackie, jitar mawaƙi Eric Clapton? A 1970 ya sayi Stratocaster shida a Nashville, ya kyautar da uku, ya tsinci abin da ya fi kyau a sauran ukun ya haɗa guda. A 2004 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da ita dala 959,500. Haɗe-haɗe ce zalla.

Mai Fenti: Hajiya, sunan Clapton aka saya. Ba itace ba, ba fenti ba.

Hajiya Mai Kayan Gwanjo: To ashe asali ba a hatimi yake ba, a tarihin hannun da ya riƙe ta yake. Ni abin da na sani a ciniki, jitar da ba ta cika ba ɗaiɗai ake mata kuɗi: wuya nawa, jiki nawa, farantin lamba nawa, jakin tsirkiya da tubalin ƙarfensa nawa, kunnuwan ɗaure tsirkiya ƙirar Kluson nawa. A tara, a cire kuɗin gyara. Wuya mai tambarinsa na farko da fentinsa shi ne kan gaba. Jikin da aka fafe kuma aka sake wa fenti yana can baya. Wanda zai bi ya sayo fikof uku na 1963 da faranti da bolum ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa abin da zai kashe ya fi abin da za a taya ta bayan ya haɗa, domin har gobe sunanta haɗaɗɗiya. Akwai kuma allon wuya: na wancan zamani rozwud ɗin Barazil ne, wanda CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta sa a rukunin farko, mafi tsanani, tun 1992. Ba takarda, ba ya ƙetare iyaka ta halal.

Oga Rewaya: Bari in koma kan fikof, don akwai masu zubar da dukiya. Fikof da ya yi shiru ba lallai ya mutu ba. Sa mita a kan om. Lafiyayyen na farkon shekarun 1960 yana ba da wajen 6k, wato om dubu shida. A lura, wayar jan ƙarfe tana ƙara om da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digirin zafi, don haka wanda ya nuna 6.0 a digiri 20 zai kai wajen 6.5 a zafin Kano na digiri 40. Kada a ce an sake masa naɗi saboda wannan. In mita ba ta motsa ba, fara da idon ƙarfe biyun da ke ƙasa inda siririyar waya ta haɗu da mai kauri, a sake narka dalmar cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. In bai tashi ba, warware zagaye kaɗan daga waje, sau da yawa tsinkewar a nan take. Sai in tsatsar maganaɗisu ta ci wayar daga ciki ne za a yi sabon naɗi: waya lamba 42 mai rufin Formvar, zagaye wajen 8,000, a tsoma a kakin kyandir kashi 80 da kakin zuma kashi 20, zafi kada ya wuce digiri 65. Kuma don Allah kada a danna maganaɗisun don daidaita tsayinsu. A jikinsu aka naɗa wayar kai tsaye, dannawa ɗaya ta tsinke.

Mai Fenti: Wanda aka sake wa naɗi ya bar asali.

Oga Rewaya: Maganaɗisu nasa, faifan fiba nasa, irin wayar ɗaya. Me ya bari?

Mai Fenti: Hannun da ya naɗa.

Ɗan Agadas: Ku gafarce ni manya. Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko, yau duniya na sauraronsa. Jita don kiɗa aka yi ta. A sa mata sabbin fikof ta yi magana.

Oga Kafinta: Ƙanena, a sa, ba wanda ya hana, amma kada a huda sabon rami ko ɗaya. Farantin 1963 sukuru 11 ne, kuma a cikin shekarar an matsar da rami guda, don haka a gwada sabon farantin a kan ramukan kafin a saya. In an samu tsohon na seluloid, ba a barinsa a kwance, ƙanƙancewa yake, sai a ɗaure shi a kan allo da sukurunsa. Ramin da aka fafe a cike shi da itacen alda, jijiya ta bi jijiya, a bar shi makonni kafin fenti, in ba haka ba layin facin zai fito. Sandar cikin wuya a fara sassauta ta kafin a ɗaure, kwata-kwatan juyi, har lanƙwasar ta tsaya wajen milimita 0.3 a firet na 8 (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a allon wuya). Firet kuwa ta gefe Fender ke tura su a lokacin. Mai fizge su sama zai ɓantare allon, kuma allon 1963 siriri ne, ba ya ɗaukar samfefa. In hunturu ya sa bakin firet ya fito yana yankar hannu, itacen ne ya tsuke. A sa ta a akwatinta da ɗan danshi, kashi 45 zuwa 55, kafin a ɗauko zarto.

Shugaban Zaure: To jama'a, a taƙaice. Mafi yawanku kun yarda wuya ne asalin jita, kamar yadda Oga Kafinta ya kawo hujja mai ƙarfi. Maganar fenti da ta fikof ƙari ne kawai. Batun Gibson ba nan ne wurinsa ba. Don haka dillalin bai yi laifi ba da ya rubuta "ta asali".

Mai Fenti: Ranka ya daɗe, wane mafi yawa? Mutum ɗaya ne ya faɗi haka, kuma kowa ya san wuyan Fender kake sayarwa.

Ɗan Gibson: An share maganata ke nan.

Mai Shagon Jita: Har yanzu ba wanda ya ce min ta fi ta Meziko kuɗi ko ba ta fi ba.

Hajiya Mai Kayan Gwanjo: Alhaji, ka ce dillalin ya turo hoton gindin wuyan, da gurbinsa, da tambarin kai daga kusa. In wuyan na 1963 ne da tambarinsa, shi kaɗai ya fi ta Meziko. Ya kuma rubuta a tallan cewa an sake fenti, an fafe jiki, ba fikof.

Oga Rewaya: Ya haɗa da hoton wayar da ta rage a ramin soket, mu ga ko mai rigar zare ce.