Kuka baƙon dare ne, murna sai da safe: daidai take da "komai nisan dare gari zai waye"?

Ɗalibar Harshe: Salam jama'a. Jiya ina karanta Zabura ta 30 aya ta 5 na ci karo da wata magana, wai kuka na iya kwana amma da safe murna ke zuwa. Ni dai ina karantawa na ce ai tamu ce, komai nisan dare gari zai waye. Ko ya kuka gani?

Baban Yara: Kusa dai amma ba ɗaya ba ne 'yata. Tamu haƙuri take koyarwa, daren ma ta yarda mai nisa ne. Ita a Ibrananci, harshen da aka rubuta Zabura da shi, kalmar da aka sa wa kukan ita ce "yalin", wato ya sauka ya kwana kamar matafiyin da dare ya yi masa a garinku, ka shimfiɗa masa tabarma a zaure, gari na wayewa ya naɗe kayansa. Murnar kuma "rinna" ce, ba murmushi ba, ihun farin ciki ne, kusan guɗa. In dole sai an nemo mata 'yar uwa ni baƙo raɓa zan ɗauko.

Mai Shayin Kwana: Toh Baba amma wani kukan ai ba baƙo ba ne, ɗan gida ne har da ɗakinsa lol

Baban Yara: Ai su ma mawaƙan sun san da haka. A littafin Ayuba sura 24 an ce ɓarawo da mazinaci safiya ce tashin hankalinsu, don haske tona asiri yake. Ba kowa asuba ke wa daɗi ba.

Maigadi Tsohon Hannu: Ni wadda ta taɓa ni ita ce Zabura ta 130, inda mawaƙin ya ce ransa na jiran Ubangiji fiye da yadda masu tsaro ke jiran safiya, har ya maimaita sau biyu. Wallahi wanda ya tsara wannan ya san aikin, na yi shekaru ina gadi, wajen ƙarfe uku zuwa huɗu lokacin hunturu tocila ta fara dusashewa, ƙafa ta sandare, ko leda iska ta kaɗa sai gabanka ya faɗi, ba abinda kake sai kallon gabas. Kuma ba shakkar zuwanta kake ba fa, ka san za ta zo, jiran ne kawai ke cin rai.

Ɗalibar Harshe: Allah sarki Baba maigadi. Amma me yasa safiya suke ta maimaitawa, ba rana tsaka ba?

Malamin Tarihi: Saboda labaran Isra'ilawa na tsira a lokacin suke faruwa. A littafin Fitowa sura 14 da asuba teku ya koma ya rufe rundunar Fir'auna. Haka da Sennakerib sarkin Assuriya ya tasar wa Urushalima a shekara ta 701 kafin haihuwar Annabi Isa, littafin Sarakuna na biyu ya ce da safe aka tashi aka tarar da gawarwakin sojojinsa. Shari'a ma da safe ake zamanta, littafin Irmiya sura 21 ya ce wa gidan sarauta su yi adalci da safe. Don haka wanda aka zalunta in ya ce yana jiran safiya, hukunci yake jira. Wani abu kuma, alfijir a Ibrananci "shahar" ne, tushensu ɗaya da "sahar" na Larabci inda muka samo sahur.

Mai Shayin Kwana: Kai! ashe sahur ɗin nan da nake dafa wa mutane shayinsa dangin kalmar ne. Akwai wadda na ji ma wai mawaƙin ya ce shi zai tashi alfijir daga barci da molonsa

Malamin Tarihi: Eh Zabura 57 da 108. Wannan ya fi mai sammako, a hanya ya kwana.

Hajiyar Unguwa: Ni tambayata amfani. Za a iya faɗa wa wadda mijinta ya rasu jiya cewa murna na zuwa da safe? Ni kam bazan iya ba, sai ta ga kamar ka raina rashinta.

Baban Yara: Gaskiyarki Hajiya. A Zabura ta 30 ɗin ma wanda ya warke daga ciwon da ya kusa kai shi kabari ne ke faɗa da bakinsa, bayan ya miƙe, ba mai zuwa dubiya ba.

Maigadi Tsohon Hannu: Nima in wanda ya kwana a katifa ya zo da hantsi yana cemin ai dare ba wuya haushi nake ji.