Sawun ƙafa a wata, ƙura a zauren zumunci

Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya raina ya ɓaci, kuma sai na amayar. Muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i na nuna wa 'yan majalisa hoton wurin da kumbon Amurka Apollo 17 ya sauka a wata a Disambar 1972. Na sa yatsu biyu na buɗa hoton: ga gindin kumbon da suka baro, ga inuwarsa, ga sawun tayar motarsu layi biyu kamar na amalanke a yashi, ga motar can gefe inda suka ajiye ta. Sai Taubashi ya karɓi wayar, ya goge gilashin da hannun riga, wai ya ɗauka kashin ƙuda ne. Aka kwashe da dariya, ni na koma mahaukaci. Hoton nan kumbon LRO ne ya ɗauka, wanda NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta harba a Yunin 2009 yake kewaya wata. A 2011 aka sauko da shi har kusan kilomita 21 daga doron watan don ya gani da kyau. Duk da haka a ce ba a je wata ba? Wannan jahilcin sai yaushe?

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, wa kake kira jahili? Ina majalisar, kuma ni ma na yi dariya.

Auta: Allah ya huci zuciyarka Kawu. Jahilci na ce, ban ce jahili ba.

Taubashi: Jahilci ai ba ya yawo shi kaɗai a titi, sai a jikin mutum. Bawana, ka zagi Kawu, ka amsa laifinka kawai 😂

Ya Malam: A yi hankali da kalmar nan. Jahili shi ne wanda bai san abin da ya wajaba a kansa ba. Wanda ya san tsarkinsa da sallarsa amma bai san sunan kumbon Amurka ba, da wane dalili zai zama jahili?

Anti Nas: Ya Malam, kowa jahili ne a wani fanni. Ni jahila ce a gyaran mota, ban ji haushi ba.

Ya Malam: Ke kika kira kanki, ba ƙaramin yaro ne ya kira ki a gaban jama'a ba. Kuma 'yan boko su daina ganin ilmin taurari gadon gidansu ne. Ramukan watan da kuke taƙama da su akwai masu sunan Ibnul Haisam da Biruni da Ibn Sina, har da Ibn Batuta. Turawan da kansu suka raɗa.

Auta: To Yaya ai ka taimake ni! Ramukan nan su ne LRO yake ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ku dubi na Tycho, faɗinsa kilomita 85, da tsauni a tsakiyarsa, har ƙaton dutsen da ke zaune a kan tsaunin ana gani. Kun yarda da hoton rami, kun ƙi yarda da hoton sawu, alhali kyamara ɗaya ce.

Kawu: Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Amurka ta ce ta je, Amurka ta ɗauki hoto, Amurka ta nuna maka. Ɓarawo shi ne alƙali shi ne shaida?

Anti Nas: Kawu, ba su kaɗai ba ne. Kumbon Indiya, Chandrayaan-2, ya ɗauki wurin Apollo 11 da na 12 a 2021, gindin kumbon ya fito sarai. Kuma Tarayyar Sobiyet da suke tsere da Amurka a lokacin ba ta taɓa ƙaryatawa ba. Motarsu ma, Lunokhod 1, da ta sauka a 1970, LRO ya hango ta a 2010.

Kawu: Indiya? Masu fim ɗin da mutum ɗaya ke dukan mutum hamsin?

Taubashi: 😂😂 Kawu ka gama magana.

Auta: Ga na Apollo 11 na sake turowa. A Tekun Natsuwa suka sauka ranar 20 ga Yuli 1969. Ku duba wani siririn baƙin zare da ya fita daga kumbon zuwa bakin wani ƙaramin rami, sawun Neil Armstrong ne, mutumin da ya fara taka wata. Babu iska babu ruwan sama a can, shi ya sa bai goge ba.

Taubashi: Tsaya. Yanzu ka ce babu ruwa, kuma ka ce a teku suka sauka. Kwale-kwale suka tafi da shi?

Auta: Suna ne kawai! Baƙin tabon nan da kake gani a fuskar wata daren sha huɗu, masanan da suka zaci ruwa ne suka kira shi teku. Narkakken dutse ne ya malala ya daskare.

Taubashi: Ashe masanan naka ma sun yi jahilci.

Goggo: Ni dai tun muna 'yan mata muke jin cewa Baturen da ya fara zuwa ya ji kiran salla a can, da ya dawo ya musulunta.

Kawu: Ƙwarai Yaya, wannan sananne ne.

Anti Nas: Kawu ka yi haƙuri, in bai je ba, a ina ya ji?

Auta: Goggo, shi Armstrong da kansa ya musanta labarin tun yana raye.

Goggo: Auta, ni ma jahilar ce ke nan? Ni da na goya ka?

Auta: Wayyo Goggo, ni ban ce ba.

Kawu: Abin da boko ke jawowa ke nan. Lokacin da za ka shiga jami'a wa ya sayar da tunkiyarsa aka cika kuɗin rajista? Jahilin ne.

Anti Nas: Kawu, tunkiyar nan ta Inna ce, kowa ya sani. Kai dai ka kai ta kasuwa.

Kawu: Wa ya yi mata kiwo shekara biyu? Dusar daga sama take zubowa?

Goggo: Kar a tono maganar tunkiya, don in aka tono, akwai ragon sunan da har yau ba a biya ni ba.

Taubashi: Ni tutar nake tambaya. Babu iska amma tana kaɗawa?

Auta: Sanda aka zura mata ta sama don ta miƙe. A hotunan 2012 an ga inuwar tutocin Apollo 12 da 16 da 17 suna tsaye. Ta Apollo 11 ce babu, kuma Buzz Aldrin, abokin tafiyar Armstrong, ya faɗa tun tuni cewa hucin injin ya kayar da ita da za su tashi. Don Allah wa ya buɗe hoton da na turo?

Kawu: Ni ba zan ƙona data a kan kashin ƙuda ba.

Ya Malam: Har yanzu ba a janye kalmar ba.

Yaya Babba: To ya isa haka. Na karanta komai daga farko, ga abin da aka tsayar. Kowa ya yarda hoton bai fito sosai ba, kuma waɗanda suka ce sun je su ne suka ɗauka, don haka magana tana nan a buɗe. Ya Malam ya warware ma'anar jahilci, babu wanda ya iya ba shi amsa. Shi kansa Auta ya amsa da bakinsa cewa masanansa sun kira dutse teku. Maganar tunkiya an rufe ta, Kawu ya yi ɗawainiya, Allah ya saka masa. Auta, gobe bayan magariba ka je gida ka durƙusa ka ba Kawu da Goggo haƙuri. Wanda ya ƙara turo hoton wata, in ba na ganin watan azumi ba, zan cire shi na mako guda.

Anti Nas: Yaya, ka tsallake na Indiya.

Yaya Babba: Na ce an rufe. Kuma ke ce ba ki turo gudummawar bikin ba.