Yaron mai faci ya cinye min kan notin taya, yaya zan kare sauran?

Mai_Corolla_Zariya

Salam 'yan uwa, don Allah masu mota da makanikan gidan nan shawara nake nema. Ranar Asabar ina dawowa daga Kano da yamma tayar baya ta ɓangaren direba ta yi faci wajen Kwanar Ɗangora, na sauka gefen titi na fito da jak da wil sifanar motar, noti huɗu suka kwance da ƙyar, na biyar ɗin wlh kamar walda aka yi masa. Na taka, na hau da ƙafa biyu, ƙarshe sifanar ta zame ta kwashe min ƙauri. Da na haska fitilar waya sai naga gefunan notin duk sun goge ya koma zagaye kamar kwabo.

Sati biyu kafin nan na canza tayoyin baya wajen wani mai faci, ina tsaye yaronsa ya zura dogon faif a jikin sifana ya hau yana tsalle, na ce kai ya isa haka, ya ce Alhaji in ba a ɗaure sosai ba taya fita za ta yi a hanya. Na yi shiru tunda sana'arsa ce. A ranar Asabar ɗin nan sai da aka nemo min bakanike a babur ya buga soket da guduma sannan notin ya fito, kuma ya ce bol ɗin ma ya miƙe sai an canza.

Motar Corolla ce 2010, rim ɗin alminiyam. Wai har ina ake ɗaure noti a ce ya isa? Kuma wani ya ce in riƙa shafa giris ko baƙin mai a jikin bol ɗin don kar ya ƙara kamewa, gaskiya ne?

Usta_Ƙofar_Ruwa

Alhaji sannu, Allah ya kiyaye gaba. Wannan faif ɗin shi ne ya fi kawo mana aikin bol a gareji, ba tsatsa ba. Corolla ɗinka 103 Nm kamfani ya rubuta (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), duba ɗan littafin nan na cikin aljihun gaba in bai ɓace ba, Camry ma haka, Honda Accord da Civic 108 ne. Wannan ɗaurin babban mutum zai yi shi da hannu biyu da sifanar da ta zo da motar, ba ƙafa ba faif. Shi bol ɗin nan kamar sifirin yake, in ka ɗaure noti yana ɗan miƙewa kaɗan, wannan miƙewar ita ke matse rim a jikin mota, in ka kwance ya koma yadda yake. To in aka wuce iyakarsa ya miƙe kenan ba ya komawa, zaren ya buɗe, noti ya riƙa cijewa, wata rana kana cikin gudu ka faɗa rami ya karye ƙas. Sau nawa aka jawo min mota bol biyu uku a karye mai ita yana rantsuwa wai ai jiya aka ɗaure masa sosai.

Maganar kan noti kuma, faɗin naka milimita 21 ne. Yawancin masu faci sifanar nan mai kai huɗu gare su, ta shekara goma tana aiki bakinta ya buɗe, ko kuma yaro ya ɗauki 22 ya sa tunda ta fi saurin shiga. In tana rawa a kan notin to ƙarfin duka a kan ƙusurwa yake sauka, sau biyu sau uku sai ta goge. Ka sayi soket 21 naka na kanka, mai ƙusurwa shida a ciki, kar ka yarda da mai sha biyun nan, shi ƙusurwar noti kawai yake kamawa. Kuma a tura shi ya zauna har ƙasa kafin a ja, rabin kai ake kamawa ana cinye noti.

Giris kuwa a'a. Lambar nan 103 an yi ta ne a kan busasshen zare. In ka shafa mai noti zai yi ta juyawa cikin sauƙi, kai kana jin bai kai ba alhali bol ɗin ya riga ya sha wahala. Buroshin waya ka sa ka goge ƙasa da tsatsa, ka share da tsumma, shi kenan.

Golf3_Katsina_Kano

Usta ka yi haƙuri ni fa ban yarda gaba ɗaya ba. Masu rubuta littafin nan titin Jamus da Japan suka sani, mu kuma mutum shida a ciki da buhuna a but, ga ramuka, ka ce in ɗaure da hannu kawai in kama hanya? Na taɓa gani da idona taya ta fita ta wuce mota tana gudu ita kaɗai har cikin gonar mutane. Gara min in sha wahalar kwancewa da in rasa taya da fasinja a ciki. Sai dai maganar soket gaskiyarka ce, mu namu ma ba noti ba ne bol ne kai tsaye mai kan 17, in kan ya lalace sai mai walda.

Usta_Ƙofar_Ruwa

Direba tayar da ka gani ka tambaya me ya fitar da ita. Ko an manta ba a ƙarasa ɗaurin ba bayan an sauke jak, ko laka da tsatsa sun shiga tsakanin rim da fuskar da yake zama, aka ɗaure a kansu, da aka yi tafiya suka murƙushe noti ya saki, ko kuma bol ɗin ne ya karye saboda irin ɗaurin da kake so. Abin da za ka yi, bayan an taɓa taya ka yi kilomita 50 zuwa 100 ka tsaya ka bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana. Minti biyu ne, kana jiran lodi ma za ka yi.

Malamin_Fiziks

Bari in sa baki da ɗan lissafi don Alhaji ya ga abin da aka yi wa motarsa. Yaro mai kilo 60 in ya tsaya a ƙarshen faif mai tsawon mita 1, kusan 590 Nm kenan, tun bai fara tsalle ba. Ana neman 103. Ya ninka fiye da sau biyar. Ita kuwa sifanar cikin but in tsawonta santimita 30 ne, nauyin kilo 35 a ƙarshenta ya kai ka wajen, shi ya sa kamfani ya yi ta gajera, da gangan ne ba rowar ƙarfe ba. Faif don kwancewa yake da amfani in abu ya kame.

Ni dai na sayi sifana mai awo, wadda kake saita lamba in ta kai ta yi ƙas ka tsaya. Masu faci suna min dariya in na fito da ita, wani har ce min ya yi malam jirgin sama za ka ɗaure? Ina barinsu su gama facinsu su ɗora taya, ɗaurin ƙarshe ni nake yi. Abu biyu kawai, kar ka kwance noti da ita, kuma in ka gama ka mayar da lambar ƙasa kafin ka ajiye.

Sannan shagunan taya na zamani masu bindigar iska, ku kula da su. Ba laifi a kwance da ita, amma in yaro ya sa noti a bakin bindiga ya harba tun bai hau zare da hannu ba, in ya hau a karkace ta cinye zaren nan take kuma ba zai ji ba. A fara da yatsu, ya juya uku huɗu lafiya lau, sannan a kawo ƙarfe. A kuma ɗaure a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa kamar ana zana tauraro, ba a bi su a jere ba, don rim ya zauna daidai.

Maman_Ikram

Ni matsalata daban ce, motata 'yar Amurka ce notunanta masu hular nan ne mai ƙyalli, ashe ƙarfe biyu ne, siririn gwangwani aka lulluɓe a kan notin. Ruwa ya shiga ƙarƙashi tsatsa ta kumbura shi, ranar da na yi faci sifanar motar ta ƙi shiga sam, ga yara a mota ga rana. Ƙanina ya canza min su duka da masu ƙarfe ɗaya na huta. Amma Usta ya ce da shi ya tafi kasuwa da tsohon notin don a gwada, wai ba kowane noti ke zama a kowane rim ba.

Usta_Ƙofar_Ruwa

Haka ne Hajiya. Na Toyota da na Honda zarensu ɗaya ne, kaurin bol milimita 12 da tazarar zare 1.5, zai hau lafiya ka ɗauka ka dace, amma gindin na Honda zagaye ne kamar rabin ƙwallo, na rim ɗin alminiyam na Toyota kuma mai washa ne, wato zoben ƙarfe shimfiɗaɗɗe, na rim ɗin ƙarfe mai tsini. In gindin bai dace da ramin ba yana cin rim kuma yana saki. Na Nissan kuma 1.25 ne, zai fara hawa juyi ɗaya biyu ya cije, in ka matsa ka kashe bol. Af, masu Kanta ku ma ku duba, da yawansu notunan ɓangaren hagu zaren hagu ne, akwai L a jiki, na ga yaro ya kusa karya bol yana ɗaurewa shi a tunaninsa kwancewa yake.

Mai_Corolla_Zariya

Na gode ƙwarai Usta, Malam, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na kai aka canza bol biyu, ashe na kusa da shi ma zarensa ya tafi, muka sassauta na ɗaya tayar bayan muka sake ɗaurewa da hannu, shi ma sai da aka sa faif kafin ya kwance. Na sayi soket 21 mai shida da dogon hannu na jefa a but. Sifana mai awon ce ban samu a nan ba, Malam a ina ka sayi taka, kuma wadda ta kai lamba nawa zan ce a ba ni?