Kalmar sirri ko jimlar sirri?

'Yan'uwa masu bibiyar wannan muhawara, na karanta shawarwarin da aka kawo game da sunan da ya dace da abin da Bature ke kira password, wanda matasanmu ke furtawa faswod. An ambaci kalmar sirri, an ambaci lambar sirri, wani malami kuma ya kawo mabuɗi. Ina ganin lambar sirri ba ta buƙatar dogon zance, domin ta riga ta zauna a kan lambobi huɗun nan na katin banki, kuma a can ya kamata a bar ta.

Damuwata tana kan kalmar sirri, duk da cewa ita ce ta fi yaɗuwa a bakin jama'a. Watannin baya na zauna da gwaggona a tsakar gida ina buɗe mata asusun Facebook domin ta riƙa ganin hotunan jikokinta. Na ce mata, "Gwaggo, kawo kalmar sirri." Ba ta yi wata-wata ba ta faɗi sunan autanta, da na ce a ƙara wani abu sai ta ƙara shekarar da ta haife shi. Ba laifinta ba ne, kalma na nema, kalma kuwa ta ba ni, amma duk wanda ya taɓa shiga gidan ya san wannan sirrin. Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai: a 2019 hukumar tsaron intanet ta Birtaniya ta bayyana cewa an samu 123456 a asusu sama da miliyan 23 cikin waɗanda aka yi wa kutse.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, masu abin ma sun sauya ra'ayi. A 2003 Bill Burr, ma'aikacin NIST, cibiyar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ya rubuta ƙa'idojin da suka sa duniya ta koma cakuɗa manyan baƙaƙe da ƙanana da lambobi da alamomi, tare da sauya su a kai a kai. A 2017 ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta, domin mutane sun gaji, sai suka riƙa ƙara 1 ko alamar motsin rai a ƙarshen sunan da suka saba. A shekarar ce cibiyar ta karkata ga fifita tsawon kalmar sirri, ita kuma hukumar Birtaniya tana ba da shawarar haɗa kalmomi uku da ba su da dangantaka da juna. Dalilin lissafi ne: ƙananan baƙaƙe takwas na boko suna ba da haɗi kusan biliyan 209, adadin da kwamfutar ɓarawo ke iya gwadawa cikin ɗan lokaci idan ta samu rumbun bayanan da aka sace, alhali kowane baƙi da aka ƙara yana ninka aikin sau 26.

Saboda haka nake roƙon mu karɓi jimlar sirri. Wanda aka ce wa ya kawo jimla ba zai tsaya a sunan ɗansa ba. Na san za a ce jimla tana da ma'ana, kuma Bahaushe zai garzaya ga karin magana ko wata addu'ar da kowa ya haddace, wanda hatsari ne na gaske. Amsata ita ce a haɗa sunan da siffar da ta dace. Siffar "mai ƙarfi" da ake cewa fassara ce kai tsaye daga Turanci wadda ba ta gaya wa mutum abin da zai yi ba. Mu ce mai wuyar canka, domin duk wanda ya yi wasan canki-canka yana yaro ya fahimci manufar nan take. Kalmomi irin su tukunya, damina, jirgi da allura, a jere, sun fi wuyar canka fiye da suna da shekarar haihuwa, sai dai kada kowa ya ɗauki waɗannan tunda na bayyana su. A kuma guje wa baƙaƙe masu lanƙwasa, saboda ba kowace waya ke da su ba.

Ga malamin da ya kawo mabuɗi, Allah ya gafarta malam, shawararka ta burge ni, amma ina ganin mu adana ta. Tun 2022 Apple da Google da Microsoft suka sanar da goyon bayan wata hanyar shiga da ba a rubuta komai, wayar ce ke tantance mai ita da yatsa ko fuska, kuma wannan ce ta fi cancantar a kira ta mabuɗi.

Gwaggo dai ta zaɓi kalmominta huɗu da kanta, ta sa na juya baya kafin ta rubuta su a takarda, ta jefa cikin adakarta ta kulle.