Yana da ND ga sana'a a hannu: ya koma HND ko ya zauna?

Yaya Babba: Salamu alaikum. Maganar Auta ce. Ya gama ND ɗinsa (ƙaramar difloma) na lantarki a Kaduna Poly, shekarar IT, wato ta koyon aiki, ya yi ta wurin masu haɗa sola, yanzu maigidan ya ce ya zauna ya riƙe masa yara. Ni dai a ganina komawa HND (babbar difloma) zubar da shekara 2 ne kawai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareto ya gagari mutane, mai shago da mai gida kowa sola yake nema. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Kawu: Wa alaikumus salam. Kasuwar tana ci, ban musa ba, amma aljihun wa take cikawa? Maigida ke karɓar kwangila, yaron nan ke hawa rufin kwano da tsakar rana. Ran da aka ce a zana wa asibiti ko makaranta tsarin wuta a sa hannu, ba za a tambayi wanda ya fi iya ɗaura waya ba, takarda za a nema. COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ma ta raba su: mai ND matakinsa daban, mai HND daban.

Gwaggo: Kawu, takardar da kake faɗa nawa ne ke ajiye a ƙasan akwati? Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 aka sa a 2024. Ku tambayi Auta ko bai wuce haka ba a watan da aiki ya faɗo. Ga yajin aiki, a 2022 wata 8 yara suka yi a gida.

Kawu: Wannan ASUU ce, ƙungiyar malaman jami'o'i. Ta su Auta ASUP ce, ta malaman poly. Kuma kin ce "watan da aiki ya faɗo". Watan da bai faɗo ba fa?

Yaya Babba: Allah ya ƙara girma Kawu, ko ya yi HND ɗin ba a gama ba. Majalisa ta amince da dokar daidaita HND da digiri a 2021, ba a sa mata hannu ba. Har gobe wasu ma'aikatun kallon na biyu suke yi wa mai HND. Sai ya sha wahalar karatu, ya fito a ce masa ai ba digiri ba ne.

Anti Ƙarama: Ku duka kuna ta maganar aikin gwamnati, shi kuwa bai ce yana nema ba. Abin da zan tambaya: me yake koyo a wurin maigidan nan? In ana sa shi ya ƙididdige yawan wutar da gida ke ja, ya zaɓi inbata da batirin da suka dace, ya yi wa mai aiki lissafin kuɗi, to makaranta yake. In kuwa ɗaukar tsani ne da ɗaure faifan sola, nan da shekara 5 ma abin da zai iya ke nan, ga sababbin yara masu karɓar rabin kuɗinsa.

Gwaggo: To ya yi na ƙarshen mako mana, ya haɗa biyu.

Kawu: Mai karatun ƙarshen mako ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar cirewa ake ba shi. Kuma in ya ce sai ya tara kuɗi tukuna, ya sani wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama shi ma ba ya zuwa. Batun kuɗin makaranta kuma ga bashin karatu na gwamnati, NELFUND, tun 2024, ragowar ni zan cika.

Auta: Na gode Kawu, Allah ya saka da alheri. Anti, gaskiya lissafin batir shi kaɗai yake yi, a waya, ba ya nuna wa kowa. Ni wayarin ne da ɗaura faifai. Amma ya ce in na zauna zai riƙa tura ni aikin Zariya ni kaɗai.

Anti Ƙarama: Ka ji ko? Ka koma ka ce masa za ka zauna in zai koya maka lissafin, kuma ya tsaya maka ka samu shaidar hukumar NEMSA ta masu haɗa wuta. Amsar da ya ba ka ka kawo mana nan kafin a rufe sayar da fom ɗin HND.

Yaya Babba: In ya yarda fa, Kawu, kun janye?

Kawu: Ban janye ba. A sayi fom ɗin tukuna.