Wace kalmar Hausa za mu ba ganache?

'Yan'uwa masu sana'ar kek, musamman mu da muke koyar da yara mata da Hausa, ina neman mu tsaya a kan kalma ɗaya. Kullum aka zo kan haɗin nan na cakulan da kirim ɗin madara da ake lulluɓe kek da shi, sai bakinmu ya koma ganache, wata ta ce "ganash", wata ta ce "ganaci", ɗaliba kuma ta kasa rubutawa a littafinta. Kalmar Faransanci ce. A can asalinta ma tana nufin muƙamuƙin doki na ƙasa, ana kuma kiran wawa da ita. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci ba ta ba su wahala, amma yarinyar da ta fito daga Islamiyya a Gusau ba ta ce mata komai ba.

Kafin suna, mu san abin. Ana yayyanka cakulan ƙanana, a ɗora kirim mai maiƙo, wanda kitsensa ya kai kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari, a wuta har gefensa ya fara ƙananan kumfa, a sauke kafin ya tafasa. A juye a kan cakulan, a bar shi minti 2 ko 3 ba a taɓa ba, sannan a fara juyawa daga tsakiya a hankali. Da farko zai yi kamar ya ɓaci, fari-fari da dabbare-dabbare. Ki ci gaba. Can za ki ga tsakiyar ta yi duhu tana sheƙi, sheƙin yana faɗaɗa har ya cinye kwanon. Giram 200 na cakulan da giram 200 na kirim shi ke ba da mai ruwa, wanda ake tsiyayawa a gefen kek. Giram 400 da giram 200 shi ke ba da mai kauri, wanda ake shafewa a daidaita kafin a shimfiɗa fondan, wato murzajjen haɗin sukarin nan da ake rufe kek da shi.

Da na tambayi 'yan'uwa sunan da za mu ba shi, shawarwari sun zo da yawa, na kuma gode. Wata ta ce "narkakken cakulan". Wannan wani abu ne daban, don cakulan da aka narka shi kaɗai in ya huce ƙamewa yake yi ya karye, namu kuwa wuƙa na ratsa shi da laushi. Wata ta ce "miyar cakulan", amma miya ba ta daskarewa a yanka ta. "Kirim ɗin cakulan" zai rikice da haɗin bota da sukari da muke yi kullum. "Kwaɓin cakulan" ya fi kusa, sai dai a kicin ɗinmu kwaɓi shi ne abin da zai shiga tanda, in ka ce wa ɗaliba ta kawo kwaɓi, na kek za ta ɗauko. Wata Hajiya ta kawo "maɗi" saboda duhunsa da yauƙinsa, na ji daɗin wannan ƙwarai, amma maɗi dafa shi ake yi har ya yi kauri, wannan kuwa tafasa ce ke ɓata shi.

Ni abin da nake gani shi ne damun cakulan.

Dalilina: duk Bahaushiya ta san dama fura. Abu mai tauri ne ake zuba masa nono, a yi ta murzawa da ludayi har su zama abu ɗaya. Aikin ke nan, babu ƙari. Kuma abin da ya fi ja na, kalmar ba ita kaɗai take zuwa ba, da danginta take tafe. In cakulan bai narke duka ba, sai mu ce damun ya yi gudaji. In kirim ya yi yawa, ya yi salala. In zafi ya yi yawa mai ya taso sama, ya tsinke. Ɗaliba ba ta buƙatar a fassara mata ko ɗaya. Kuma in ya tsinke ɗin, cokali ɗaya na madara mai ɗumi a ci gaba da damawa, yawanci yakan dawo.

Na san za a ce abin da aka dama sha ake yi. Gaskiya ne, amma kalmar aikin hannu take faɗa, ba yadda za a ci ba. Za a kuma ce a rubuce "damu" ya yi kama da na damuwa. Da zarar an ce "damun cakulan" ba mai ruɗewa.

Inda na fi son mu natsu shi ne maganar launi, don nan ake asarar kuɗi. Mukan ce "baƙin cakulan" muna nufin wanda kokonsa, wato cocoa da ake yin cakulan da shi, ya kai kashi 50 zuwa 70, alhali shi ruwan ƙasa ne mai duhu. Mai biki kuma in ta ce tana son baƙin kek da ruwan zinari, baƙi wuluk take nufi. Mai kek ta ji baƙi, ta sayo wancan, ta dama, ta kai kek ruwan ƙasa, rigima ta tashi. Saboda haka ina ganin wancan mu kira shi cakulan mai ɗaci, tunda ɗacin ne ya bambanta shi da mai madara da farin. Sai mu bar "baƙin damu" ga wanda aka mayar baƙi ƙirin da gangan.

Shi baƙin damu daga cakulan mai ɗaci ake farawa, don rabin tafiyar an riga an yi. Wadda ta fara da farin cakulan za ta zuba kala har ta gaji, ta samu toka-toka, ga ɗaci, ga haƙoran 'yan biki sun rine a hoto. Akwai baƙin garin koko, wanda aka sarrafa da sinadari mai kashe tsami har ya yi duhu irin na biskit ɗin Oreo. Cokali 1 ko 2 a cikin kirim mai zafi yana rage yawan kalar da za a sa. Sannan ɗigon baƙar kala mai kauri kaɗan, a rufe, a bar shi ya kwana, don launin ƙara duhu yake yi.

Zafin garuruwanmu ma yana da hannu a ma'aunin. Man koko da ke cikin cakulan yana narkewa a wajen digiri 34, watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri kuwa yakan haura 40. Damun da zai shiga mota a wannan lokaci sai a ƙara masa cakulan a rage kirim, ma'aunin littattafan Turai ba zai kai shi wurin biki lafiya ba.

Ga yadda za mu riƙa faɗa a aji da wurin ciniki: damun tsiyaya, damun shafe, baƙin damu, farin damu. Wadda ta saba da "ganash" ta ci gaba da abinta, amma a rubuce-rubucenmu na Hausa ni daga yau damun cakulan zan sa. Malamai mata na Kano da Zariya da kuke da ɗalibai da yawa, ku gwada a ajinku na wannan mako, ku gaya mana ko yaran sun kama.