Wannan zanen mai baƙar ƙafa fa, wa ya san labarinsa?

Ɗan_Tudu:
Salam yan uwa. Jiya ina latse-latsen waya na ci karo da wani tsohon zane na Italiya, Bature ne kwance kan gado yana sharar barci, wasu mutum biyu masu jar hula suna ɗora masa ƙafa, kuma ƙafar baƙa wuluk kamar tawa. Ga takalminsa ma a ajiye gefen gado. Wai tiyata ce ko miye?

Malamin_tarihi:
Wa alaikassalam. Aikin Fra Angelico ne, wani malamin coci, wajen 1440 ya zana, yanzu yana gidan tarihi na San Marco a Florence. Masu hular nan Kosmas da Damiyan ne, tagwaye, likitoci cikin Kiristocin farko, sun yi aiki a yankin da yake Turkiyya yanzu kuma ko sisi basa karɓa hannun mara lafiya, zamanin sarkin Rum Diyokiletiyan aka kashe su saboda addininsu. Maganar ƙafar kuma bayan mutuwarsu ne da daɗewa, wai wani mai hidimar cocinsu a Roma ciwon daji ya cinye masa ƙafa, cikin barci suka zo suka yanke ta suka ɗauko ta wani mutumin Habasha da aka binne ranar suka dasa masa, da gari ya waye aka je aka buɗe kabarin sai ga ruɓaɓɓiyar ƙafar jikin gawar. Haka dai masu labarin suka ce.

Nas_ɗin_dare:
Malam ni abin da ya tsaya min a rai bawan Allahn nan na Habasha, ko sunansa ba a faɗa ba balle a nemi izinin danginsa. Kuma a aikinmu jiki baya karɓar abin da ba nasa ba haka kawai, dashen ƙoda ma sai 1954 aka fara dacewa a Boston, shi ma don tsakanin tagwaye akayi.

Baban_biyu:
Hhhh kun manta wanda ya biya kuɗin zanen. Cosimo de Medici, mai banki, attajirin Florence. Sunan gidansu ma ma'anarsa likitoci, shi kuma takwaran Kosmas ne, shi yasa ya riƙe su. Mai banki da waliyyan da basa taɓa kuɗi, ikon Allah.

Ɗan_Tudu:
Nagode Malam. Anti Nas, to ita ƙafar ma dama girmansu ɗaya ne?